Baƙin Kakuri Da Abin Da Suka Bar Mana

 Yau tarihi za mu ɗan taɓa, kuma ba nisa za mu yi ba, nan Kakuri ne, ƙetaren kogin Kaduna ta kudu. Akwai wurare biyu a wannan unguwa waɗanda da wuya a sami macen da ta zauna a garin nan ba ta san su ba: kwalejin 'yan mata ta Queen Amina, da asibitin Katolika na St. Gerard. Wata a can ta yi karatu, wata a can ta haihu, wata kuwa a can aka haife ta. To amma in na tambaye ki, 'yar'uwa, wa ya kafa su, kuma don wa aka kafa su, me za ki ce? Wasu mata ne suka baro ƙasarsu da danginsu suka ƙetaro teku, suka ce sun zo yi wa Allah hidima ta hanyar hidimta wa talaka. Yau za mu duba abin da ya kawo su, da abin da suka yi, da inda aka yi kuka da su, sa'an nan mu ga abin da ya rage a wuyanmu mu da muka gaji wuraren. Wannan magana ta shafi Musulma ta shafi Kirista, domin naƙuda ba ta tambayar addini.

Mu fara da ita kanta unguwar. Kafin zuwan Turawa, wannan yanki ƙauyukan Gbagyi ne, waɗanda Bahaushe ke kira Gwari. Jirgin ƙasa ne ya sauya kome. Layin dogo daga Ikko zuwa Kano ya ratsa ta nan wajen 1911, a 1917 kuma Turawa suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Bayan shekara goma, a 1927, layin da ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da na Ikko a tashar da ke kudancin kogi. Ofisoshin gwamnati da gidajen manyan Turawa suna arewa da kogi, su kuwa leburori da ma'aikatan reluwe da 'yan ci-rani, da yawansu nan kudu suka yada zango. Mutum ya baro garinsu, ya ɗauko matarsa ya kawo ta ɗaki ɗaya a gidan haya. Babu uwa kusa, babu goggo, babu tsohuwar ungozomar da ta karɓi haihuwar uwarta. Kin ga ke nan talaucin birni ya bambanta da na ƙauye. A ƙauye ko ba ki da kwabo kina da dangi. A bakin tasha kuwa, in ciwo ya tashi da tsakar dare, sai Allah sai maƙwabciya.

Su wane ne matan da suka zo? Ƙungiyarsu ana kiranta OLA, sunan da ke nufin 'yan'uwa mata na Uwargijiyar Manzanni. Wani limamin coci Bafaranshe mai suna Augustin Planque ne ya kafa ta a birnin Liyon na Faransa a 1876. Dalilinsa kuwa mai sauƙi ne. Limamai maza na ƙungiyar SMA da ke aiki a Afirka ta Yamma sun lura cewa ba su da hanyar isa ga mata, domin namiji baƙo ba ya shiga cikin gida, ba ya zama da mai jego. Sai mace. A 1878 sistocin farko suka sauka a Ikko. Kuma kada ki ɗauka tafiya ce ta shan iska. Wanda ya kafa SMA ɗin kansa, Marion Brésillac, ya sauka a Firitawun ta Saliyo a watan Mayun 1859, kafin ƙarshen watan Yuni zazzaɓin shawara ya kashe shi tare da kusan dukkan abokan tafiyarsa. Sistoci da yawa na wancan zamani ba su kai shekara talatin a duniya ba. Yarinya za ta yi sallama da uwarta a bakin jirgin ruwa, kowacce ta san mai yiwuwa ganin ƙarshe ke nan.

Waɗanda suka zo mana Arewa yawancinsu 'yan ƙasar Ailan ne, kuma wannan yana da ma'ana. Ailan ba ƙasar masu mulkin mallaka ba ce, ita ma Ingila ce ta mallake ta. Tsakanin 1845 da 1852 yunwa ta kashe musu mutum wajen miliyan ɗaya, wani miliyan ɗin kuma ya yi hijira. Saboda haka 'yan matan da suka shiga aikin mishan, da yawansu 'ya'yan ƙananan manoma ne da suka ji labarin yunwa daga bakin kakanninsu. Kuɗin aikin ma ba daga attajirai yake fitowa ba galibi. Ɗan akwati ne ake ajiyewa a kanti da makaranta da coci, mai kwabo ya jefa kwabo, mai sisi ya jefa sisi. Wato talakan can ne ke ɗauke da talakan nan, ba su ma taɓa ganin juna ba.

Ga wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. Har zuwa 1936, dokar cocin Katolika ba ta yarda sista ta yi aikin ungozoma ko na fiɗa ba. Ana ganin bai dace da macen da ta yi alkawarin zama ba aure ba ta tsaya kan mai haihuwa. Mata ne suka yi ta kai ƙorafi Roma, suna cewa ga mata na mutuwa a gabanmu an ɗaure mana hannu, har a 1936 aka sassauta dokar. Shekara guda bayan haka, a 1937, wata 'yar Ailan mai suna Mary Martin ta kafa ƙungiyar sistoci masu aikin likita zalla, kuma a kan gadon asibiti a Fatakwal, tana fama da rashin lafiya, ta yi rantsuwar kama aikin. Ashe dai ko a cikin coci sai da mata suka yi gwagwarmaya kafin a bar su su taimaki 'yan'uwansu mata. 

To me ya sa sai Kakuri? A 1903, bayan cin Sakkwato, Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa addinin Musulunci ba. Bisa wannan alkawari gwamnatin Turawa ta riƙa taƙaita shigar 'yan mishan cikin biranen sarakuna. Ko Likita Mila na ƙungiyar CMS, wanda ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya sai da aka mayar da mishan ɗinsa Wusasa, bayan ganuwa. Inda aka sakar musu mara shi ne Sabon Gari, da garuruwan bakin layin dogo, da ƙasashen da ba na Musulmi ba kamar kudancin lardin Zazzau da Filato da Binuwai. Kakuri ta haɗa biyu: ga tasha, ga ƙofar kudancin Zazzau. A nan ne a 1940 sistocin OLA suka buɗe makarantar 'yan mata da aka sani da Queen of Apostles, wato Sarauniyar Manzanni. Don ki gane girman abin, gwamnatin Jihar Arewa ba ta buɗe tata sakandaren 'yan mata ta Queen Elizabeth da ke Ilori ba sai a 1956.

'Yan matan da suka shiga wannan makaranta akwai 'ya'yan akawuna da ma'aikatan reluwe 'yan Kudu, akwai kuma 'yan ƙauyukan kudancin Zazzau da Filato da Binuwai, waɗanda a lokacin ake yi wa kallon raini, ana kiransu da sunayen da ba sai na maimaita ba. Iyayensu manoma ne masu biyan haraji ga En'e ba su ganin kome a ƙasa. Cikin waɗannan 'yan mata aka sami malaman makaranta da nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan gwamnati, a daidai lokacin da gwamnatin Sardauna ke neman 'yan Arewa da za su riƙe ayyuka. 'Ya'yan Musulmi ma sun shiga. Marigayiya Maryam Babangida, wadda ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, a wannan makaranta ta yi karatu. Haka kuma Mai Shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko da ta zama Babbar Jojin Nijeriya a 2012, ta bi ta makarantar mishan ta St. Bartholomew da ke Wusasa, kuma da Musuluncinta ta fito.

Sai asibiti. A 1957 abubuwa biyu suka faru a Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki, ita ce ta farko cikin manyan masaƙun Kaduna, kuma a shekarar ce aka buɗe asibitin St. Gerard. Bayan KTL sai ga Nortex, ga UNTL, ga Arewa Textiles, ga masana'antar makamai, a 1975 kuma ga kamfanin harhaɗa motocin Fijo. Dubban samari suka kwararo daga ko'ina, Makera da Nasarawa da Kakuri suka cika suka batse. Wanda ya tsufa a unguwar zai gaya miki yadda kekuna ke rufe titi idan an tashi daga aiki. Kowane mai keke kuwa akwai mace a gida, mai ciki ko mai goyo. Sunan asibitin ma ba da ka aka zaɓe shi ba. Gerard Majella ɗan ƙasar Italiya ne da ya rasu a 1755, kuma a wurin mabiya Katolika shi ne waliyyin da mata masu ciki ke kamun ƙafa da shi. Tun daga suna an nuna wadda aka gina wa wurin. Abin da ya fi ginin muhimmanci kuwa shi ne koyarwa. An haɗa asibitin da makarantar koyon aikin jinya, kamar yadda sistocin St. Louis, waɗanda suka sauka Kano a 1948, suka yi makarantar ungozomomi a Zonkwa. Yarinyar da aka koya wa karɓar haihuwa a Kakuri ko Zonkwa, gobe ita ce a asibitin gwamnati a Zariya ko Birnin Gwari.

Kada mu tsaya kan Katolika kaɗai, kuma kada mu tsaya a Kaduna, domin labarin da ya fi nuna ma'anar hidima ga wanda aka ƙi yana can cikin ƙasar sarakuna. Kin san yadda ake yi da mai ciwon kuturta a da. Ba a cin abinci da shi, ba a auren 'yarsa, wurinsa bakin kasuwa ko ƙofar gari da ƙoƙon bara. Daga 1937 gwamnati da En'e-En'e suka miƙa wa ƙungiyar SIM kula da gidajen kutare na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Wato ƙofar da aka rufe wa 'yan mishan shekara da shekaru, ta wurin kutare aka buɗe ta, domin aiki ne da ba mai so. Yawancin ma'aikatan nan mata ne marasa aure daga Kanada da Amurka da Ingila. Su ke wanke gyambo, su ke yin allura, a zamanin da babu magani mai warkarwa sosai, kafin ƙwayar dafson ta yaɗu a shekarun 1950. SIM ɗin ce kuma ta buɗe asibitin ido a Sabon Garin Kano a 1943, wanda har yau ake zuwa daga Nijar da Chadi, da asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950. Ƙungiyar SUM kuwa ta buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953.

To amma fa, 'yar'uwa, tarihin da aka faɗi rabinsa ƙarya ne. Waɗannan mutane wa'azi ya kawo su, kuma su da kansu ba su ɓoye ba. A gidajen kutare akan raba jariri da uwarsa mai ciwo don kada ya kamu, a rene shi a hannun 'yan mishan, da yawan yaran nan kuma sun tashi Kirista alhali iyayensu Musulmi ne. Sarakuna sun yi ƙorafi, iyaye sun yi kuka, kuma kukansu yana da dalili. Ki sa kanki a matsayin uwar da ba ta da yatsun riƙe ɗanta, ba ta da inda za ta sami magani sai wurin wanda zai canza wa ɗan addini. Wannan ba zaɓi ba ne. Irin wannan ne ya sa iyaye da dama a ƙasar Hausa suka guji makarantar boko gaba ɗaya, musamman ga 'ya'ya mata, kuma har yau muna biyan bashin wannan tsoro. Akwai kuma 'yan mishan da suka raina al'adun mutanen da suka tarar, suka hana kiɗa da rawa da sunayen gargajiya, suka daɗe ba su yarda baƙar fata ya riƙe shugabanci ba. A Kaduna sai a 1975 ɗan ƙasa, Peter Jatau, ya zama babban bishop na Katolika, bayan John McCarthy ɗan Ailan. SIM ma sai a 1976 ta miƙa ragamar ayyukanta ga cocin ECWA. Wanda ya ƙi faɗin wannan bai yi adalci ba, haka ma wanda ya ƙi faɗin wanke gyambon.

Har ila yau, kada wani ya ce mana tausayi daga Turai aka kawo shi. Muna da zakka da sadaka da ciyayya, muna da gayya da biki da adashi. Tun kafin a haifi ƙungiyar OLA, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'yan taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Abin da baƙin nan suka zo da shi shi ne tsari irin na zamani: a gina wuri, a buɗe rajista, a rubuta sunan mara lafiya da ranar da zai dawo, a koya wa yarinya aiki shekara uku a ba ta takarda, sa'an nan mutum ya zauna wuri guda shekara talatin ko arba'in bai gaji ba. Sadaka takan ciyar da kuturu yau. Su kuwa sun nemi ya warke ya koma gona.

A shekarun 1970 al'amura suka juya. Bayan yaƙin basasa, gwamnatocin soja suka ga bai kamata tarbiyyar yaran ƙasa ta zauna a hannun ƙungiyoyin addini ba. A 1972 gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya, ƙarƙashin Gwamna Abba Kyari, ta karɓe makarantun mishan. St. John ta zama Kwalejin Rimi, St. Paul ta Wusasa ta zama Kwalejin Kufena, Queen of Apostles ta zama Queen Amina. Har gobe ana jayayya kan wannan mataki. Masu goyon baya na cewa ya buɗe ƙofa ga 'ya'yan kowa ba tare da fargabar canza addini ba, kuma gaskiya ne dubban 'yan matan Musulmi sun shiga Queen Amina bayan haka. Coci-coci kuwa na cewa an ƙwace musu abin da suka gina da guminsu, kuma sun daɗe suna neman a mayar musu. Gidajen kutare ma sun koma hannun gwamnati. Babbar Ruga ta sake samun wata rayuwa: wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda ya zo aikin kuturta, ya fara ɗinke mata masu yoyon fitsari a can a 1984, yau kuma wurin cibiyar ƙasa ce ta wannan aiki. Gidan da aka gina don waɗanda aka ƙi jiya, ya karɓi waɗanda ake ƙi yau.

Asibitin St. Gerard yana hannun cocin Katolika har yanzu. Amma akwai wani lissafi da ya shafi asibitocin mishan baki ɗaya, wanda ya kamata mu fahimta. Me ya sa a da suke da araha? Domin sista ba ta karɓar albashi, akwatin kwabo na can Turai yana aiko da magani, gwamnati ma tana ba da ɗan tallafi. Yau duk ukun sun ja baya. 'Yan mata a Ailan sun daina shiga aikin sista sai ɗai-ɗai, waɗanda suka yi aiki a nan sun tsufa sun koma gida ko sun kwanta dama. Likita da nas na yau 'yan ƙasa ne masu iyali, dole a biya su, ga dizal ga magani da ake saye da dala. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, kuɗin asibiti ya koma kan mara lafiya, a na gwamnati da na mishan duka. A Kakuri kuwa abin ya zo da ƙarin nauyi, domin KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi baya, magidanta dubbai suka rasa aiki, wasu har suka mutu ba a biya su haƙƙinsu ba. Matan da aka gina asibiti dominsu a 1957, jikokinsu ne yau ke lissafin ko za su iya biyan kuɗin awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka mutu a Nijeriya wajen ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. A 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji ta USAID. Ai dama Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

Sa'an nan ga kogi. Rikicin da ya ɓarke ranar 21 ga Fabrairun 2000 ya ci rayuka sama da dubu, na Nuwamban 2002 da na Afrilun 2011 suka ƙara zurfafa ramin. Musulmi da yawa suka bar kudu suka koma arewa, Kirista da yawa suka bar arewa suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television da Romi. Garin da masaƙa ta haɗa, tsoro ya raba. Duk da haka akwai wuraren da ba su rabu ba, kuma ɗakin haihuwa da ɗakin 'yan haɗari suna cikinsu. Lokacin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris 2022, St. Gerard na cikin asibitocin da aka kai waɗanda suka ji rauni, kuma babu wanda ya tsaya tambayar sunan mai zubar da jini. A 2010 kuma wata sistar OLA 'yar Ailan, Kathleen McGarvey, ta haɗa kan shugabannin ƙungiyoyin mata Musulmi da Kirista na Kaduna suka kafa majalisar mata ta addinai biyu. Matan Kaduna ne suka riƙe ta bayan ta koma gida, har a 2021 aka ba su lambar zaman lafiya ta birnin Aachen a Jamus. Ki lura da bambancin. Kakanninta a aikin sun zo ne su juyar da mutane, ita kuwa ta zo ta zaunar da su tabarma ɗaya, kowa da addininsa. Shekara saba'in ta koya wa mishan ɗin kansa darasi.

Wani abin mamaki kuma, yau ruwa ya juya. Nijeriya ce ke tura 'yan mishan waje. Cocin ECWA na da ƙungiyarta ta EMS, wadda asalinta ya faro tun 1948, kuma matan zumunta na cikin masu ɗaukar nauyinta da ɗan abin da suke tarawa. A Zariya aka kafa ƙungiyar CAPRO a 1975, a 1977 kuma Katolika suka kafa ƙungiyar St. Paul mai tura limamai ƙasashen waje. Sistocin OLA 'yan Nijeriya suna aiki a wasu ƙasashen Afirka, limamai 'yan Nijeriya kuma suna riƙe da coci-coci a Ailan ɗin kanta. A ɓangaren Musulmi, Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962 tana da 'yan agajinta, FOMWAN da mata suka kafa a Minna a 1985 tana da makarantu da asibitoci, har da nan Kaduna. Ga duk mai fita da sunan addini don taimakon talaka, ko Jos za shi ko Chadi, tarihin nan ya bar masa ma'auni guda: in ka ba mayunwaci tuwo, kada ka sa hannu ɗaya a kan kwanon kana jiran ya amsa maka. Taimakon da aka ɗaura wa sharaɗi ya bar mana zargi da tsoro na shekara tamanin. Wanda aka bayar a sake kuwa, shi ne ya sa mace mai hijabi ke ƙetare gada ta zo awo Kakuri hankalinta kwance.

To, 'yar'uwa, baƙo raɓa ne, sun zo sun tafi. Ginin da suka bari ana iya sake masa suna, an ma sake. Abin da ba a iya karɓewa shi ne matan da suka koya wa aiki, da waɗanda su ma suka koya wa. Sauran aikin namu ne, kuma ba sai mun ƙetare teku ba. In kina tsohuwar ɗalibar Queen Amina, ko wace makaranta ce, yaushe rabonki da leƙa ɗakin kwanan yaran? A ƙungiyarku ta zumunta ko ta Islamiyya, cikin kuɗin anko da na walima, ba za a iya ware asusun mai naƙuda ba, wanda za a biya wa mace kuɗin haihuwa ba a tambayi inda take sallah ko sujada ba? Jihar Kaduna na da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA, ki je ki tambayi yadda ake shiga, ki kuma ja maƙwabciyarki. In kin ga mai tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, ki gaya masa maganin kuturta kyauta ne kuma ana warkewa. In kin san yarinyar da aka ware a ɗaki saboda yoyon fitsari, ki gaya wa iyayenta ana ɗinkewa. Matan da muka yi magana a kansu da kwabo-kwabo suka fara, kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

A nan za mu dakata. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na gida da na asibiti, ya zaunar mana da Kaduna lafiya, kudu da arewa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.